Darasi na Bakwai: Filtar Iska, Ƙarfin Inji da Shan Mai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare, duk mai abin hawa a Najeriya ya koma ɗan lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da maganar rage shan mai ba zai rasa masu saurare ba. Akwai masu ƙwayar da ake jefawa a tanki, akwai masu maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, akwai kuma masu filtar iska ta musamman, wadda ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya yi ta ba. Galibi ja ce ko shuɗiya, an yi ta da auduga a tsakanin ragar waya, an shafa mata mai. Wata shimfiɗaɗɗiya ce da ke shiga akwatin filta na asali, wata kuma mai tsini ce, sai an cire akwatin gaba ɗaya kafin a ɗaura ta a bakin bututu. A wannan darasi za mu kira ta filtar tsere, domin daga fagen tseren babura da motoci ta fito.

Mai sayar da ita yakan ce mota za ta ƙara ƙarfi, za ta rage shan mai, kuma ba za a sake sayen filta ba sai dai a wanke a mayar. Kafin mu auna waɗannan maganganu, sai mun san abin da inji ke yi da iska.

Iska ta fi mai yawa

Fetur ba ya ci da wuta sai da iska. Domin ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska. Litar fetur ba ta cika kilo ba, nauyinta kusan kashi uku cikin huɗu ne na kilo, iska kuwa ba ta da nauyi sosai. In aka buga lissafin, za a ga lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000 zuwa 10,000. Wanda ya zuba lita 40 ya ƙone ta, injinsa ya zuƙi iskar da ta kai lita 360,000 ko fiye. Duk wannan iska ta cikin filta take bi, tare da duk abin da ta kwaso daga titi.

Saboda haka aikin filta tsaro ne. An sa ta ne don ta tare ƙura kafin ta isa silinda. Maganar ƙarfi da shan mai daga baya suka zo.

Tsakanin filta da inji akwai wani faifan ƙarfe a cikin bututu, wanda ke buɗewa da rufewa gwargwadon yadda direba ya taka totur. Ku riƙe wannan faifan a zuciya, domin rabin darasin a kansa yake. Direba bai cika take totur har ƙasa ba. A cikin gari, ko a kan babbar hanya da gudu madaidaici, faifan ɗan buɗe shi kawai ake yi. Wato direba da ƙafarsa yake shaƙe injin da gangan, don kada ya ba da ƙarfin da ba a bukata. Mu ɗauki Camry mai injin lita 2.4. In an take ta har ƙasa, injin yana juyi 6,000 a minti, iskar da zai iya zuƙa ta kai wajen lita 7,200 a minti ɗaya. A ce kuma tana tafiyar kilomita 100 a awa, tana shan lita 8 a wannan awar. Iskar da take bukata wajen lita 1,200 ce a minti, kashi ɗaya cikin shida ke nan. Filtar takarda ta asali da aka ƙera don ta wadatar da 7,200 ba za ta gaza ba da 1,200 ba. In ka sa wadda ta fi ta sakin iska, abin da zai faru kawai shi ne ka ɗan ɗaga ƙafarka kaɗan, faifan ya ƙara rufewa, iskar da ke isa inji ta dawo daidai yadda take.

Wa yake auna man?

Nan ne aka rabu gida biyu, kuma da yawa daga cikin gardamar da ake yi a gareji ta samo asali ne daga haɗa gidajen biyu wuri ɗaya.

Tsofaffin motoci, irin su Fijo 504 da tsohuwar Datsun, da kafireta suke aiki. Kafireta ba ta da ido, ba ta da lissafi. Iska ce ke wucewa ta maƙogwaronta, zuƙar iskar ta jawo mai ta wani ɗan rami. In filta ta toshe, zuƙar takan ƙaru, sai man da ke fitowa ya yi wa iskar yawa. Kamar dai an ja cok an manta ba a mayar ba. Baƙin hayaƙi ya fito ta salansa, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. Tsofaffin makanikai da suke cewa filta mai datti tana shan mai ba ƙarya suka yi ba. A kan irin waɗannan motoci suka koyi sana'a.

Motocin da suka cika titunanmu yau, su Corolla da Camry da Civic da Golf da Sienna, masu injekta ne, kuma kwamfuta ce ke ba da mai. A yawancinsu akwai ma'auni a bayan filta da ke gaya wa kwamfutar yawan iskar da ta shigo. A jikin salansa kuma akwai wani ma'aunin da ke duba ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙi, ya gaya mata ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya take gyara awon, kullum tana neman 14.7 ɗin nan. Iska ta ragu, ta rage mai. Iska ta ƙaru, ta ƙara mai. To ta ina filta za ta rage shan mai? In ma ta shigar da ƙarin iska, ƙarin mai kwamfutar za ta bi ta da shi.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada. A shekarar 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee a Amurka, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashi ta ƙasar, ta fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki motoci uku masu injekta, Toyota Camry ta 2003 da Dodge Charger ta 2006 da Buick Lucerne ta 2007, suka haɗa da tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireta. Suka toshe filtocinsu da gangan, suka auna mai. A motocin nan uku shan mai bai canza ba ta yadda za a ce ga shi. Abin da ya canza shi ne saurin tashi: da aka mayar da filta mai tsabta, lokacin da mota ke ɗauka ta kai gudu in an take ta har ƙasa ya gyaru da kashi 6 zuwa 11 cikin ɗari. A tsohuwar Pontiac kuwa, tsabtar filta ta rage shan mai da kashi 2 zuwa 6 cikin ɗari, har ya kai wajen 14 a lokacin da toshewar ta yi munin da motar ba ta tafiya daidai. Daga baya cibiyar ta maimaita gwajin da motocin dizal, ba ta ga wani canjin kirki a shan mai ba.

Ku lura da abin da aka kwatanta: toshasshiyar filta da mai tsabta. In wannan babban bambanci bai motsa allurar mai a motar injekta ba, ɗan bambancin da ke tsakanin sabuwar filtar takarda da filtar tsere ba zai motsa ta ba.

Maganar ƙarfi

A nan dole a yi wa filtar tsere adalci. Tana sakin iska fiye da ta takarda, wannan gaskiya ne. In an take totur har ƙasa, inji yana kuka a ƙarshen juyinsa, faifan nan ya buɗe gaba ɗaya, to a lokacin ne ɗan tarewar da filta ke yi take da tasiri. A na'urar gwajin inji akan ga ƙarin ƙarfin doki kaɗan, a motar gida wadda ba a taɓa injinta ba abin bai cika wuce 'yan kashi ƙalilan cikin ɗari ba, wani lokaci ma ba a ganin komai. Ɗan tsere da ke neman rabin daƙiƙa yana da dalilin biyan kuɗinsa. Mai ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Zariya sau nawa yake kai allurar juyi 6,000?

To me ya sa wanda ya sa ta yake rantsuwa motarsa ta ƙara tashi? Dalili na farko, sau da yawa tsohuwar filtar da ya cire ta riga ta cushe, ko sabuwar ta takarda ya sa zai ji wannan sauƙin. Na biyu, ƙara. Akwatin filta na asali an ƙera shi ne har da kashe gurnanin iska. In an cire shi aka sa mai tsini, da an taɓa totur sai a ji ruri, kunne kuma ya gaya wa zuciya cewa an samu ƙarfi. Wanda ke jin daɗin rurin nan yakan yawaita taka totur don ya ji shi, man da aka ce za a rage sai ya ƙaru.

Mai tsinin tana da wata illar da ta shafe mu kai tsaye. Akwatin asali yana da hanci da ke jawo iska daga gaban mota ko gefen taya, inda ta fi sanyi. Mai tsini kuwa a cikin bonet take zaune, tana zuƙar iskar da ta riga ta bi ta lagireto ta gasu a jikin inji. Iska in ta yi zafi takan buɗe, oksijin ɗin da ke cikin kowace lita ya ragu, kusan kashi 3 cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin waje kansa ke haura digiri 40, cikin bonet ɗin motar da ke tsaye a cunkoso ya fi haka nesa. Ɗan ƙarfin da aka samu wajen sakin iska yana iya tafiya a zafi, har da ƙari. Masu dabarar saukar da bututun ƙasa kusa da bamba don neman sanyi kuma su tuna da damina: injin da ya zuƙi ruwan kwata yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take.

Ƙura

Duk mai tankaɗe ta san rariya mai manyan ido ta fi sauri, amma tare da tsaki take zubo da gari. Filtar da ta fi sakin iska, in girmanta ɗaya da ta asali, galibi don ramukanta sun fi faɗi ne. Masu yin filtar tsere sun dogara da man da aka shafa wa audugar ya kama ƙurar da ramukan za su bari. Yana kamawa, matuƙar an shafa shi daidai kuma bai bushe ba.

Akwai ƙa'idar gwajin filta ta duniya mai lamba ISO 5011, inda ake hura wata sananniyar ƙura a auna nawa ta wuce. Sakamakon yakan fito da kashi cikin ɗari, kuma lambobin sukan yaudari ido. A ce wata filta tana tare kashi 99, wata 96. Kamar babu wani bambanci. Amma ku juya lissafin ku dubi abin da ya wuce. In giram 100 na ƙura ya iso, ta farko ta bar giram 1 ya shiga inji, ta biyu ta bar giram 4. Ninki huɗu ke nan.

Wannan lissafi ya fi nauyi a wurinmu fiye da a Jamus ko Japan. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ita ce hazon da ke rufe Kano da Katsina da Damagaram har jirage su kasa sauka. A ƙara da hanyoyin burji da na kasuwannin ƙauye, inda mota ke bin bayan mota cikin jan gari. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin yashi mai taurin da ke kankare ƙarfe. In ya shiga silinda sai ya gauraya da baƙin mai, ya riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali. Ba a jin komai a wata na farko ko na shida. Sai wata rana a ga baƙin mai yana raguwa kafin lokacin juye, shuɗin hayaƙi yana bin mota, makanike ya ce sai an sauke inji. Garin neman gira an rasa ido.

Wani abin sha'awa shi ne, don ƙura aka fara yin irin wannan filta. Kamfanin da ya fi shahara da ita, K&N, wasu 'yan tseren babur biyu ne, Ken Johnson da Norm McDonald, suka kafa shi a Riverside ta jihar Kalifoniya a shekarun 1960. Damuwarsu ita ce filtar takarda tana cushewa tun ba a gama tsere a jeji ba. Sai dai ɗan tsere yana wanke filtarsa bayan kowace gasa, kuma buɗe inji a canza ringi ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Magidanci mai neman motarsa ta yi masa shekara goma ba a buɗe ta ba, bukatarsa daban ce.

Wankin ma da ake yabo sai da kayansa: sabulunta na musamman, a bar ta ta bushe da kanta, sannan a shafa manta na musamman daidai gwargwado. In mai ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. In ya yi yawa, ana zargin yakan fantsama a kan siririyar wayar ma'aunin iska, awo ya rikice, fitilar inji ta kama. Kamfanin General Motors ya taɓa gargaɗin garejojinsa kan haka a 2004, K&N kuma ya musanta cewa mansa yana barin jikin filta. Ko ma wane ne da gaskiya, a kan filtar kamfanin ta ainihi suke gardama. Mai kama da ita da ba a san inda aka yi ta ba, wadda yaron gareji zai wanke da fetur ya shafa mata baƙin mai, ba ta cikin wannan zance. A ganina, ga motar haya ko ta iyali a ƙasar nan, filtar takarda mai kyau ta fi.

Babur, adaidaita sahu da janareto

Da yawa daga cikinku ba mota gare ku ba, babur ne ko adaidaita sahu ko ƙaramin janareto, kuma yawancin waɗannan har yanzu da kafireta suke aiki. Ku ne maganar tsofaffin makanikai ta shafa. Toshasshiyar filta tana cin kuɗinku kowace rana. Maganin shi ne tsabta. Mai soso a wanke ta, a matse ba tare da murɗewa ba, ta bushe, a ɗiga mata mai kaɗan a sake matsewa har ya bi jikinta. Mai takarda a canza ta.

Abin da bai kamata ba shi ne cire filtar gaba ɗaya ko huda ta da ƙusa, wai don mashin ya sha iska. Ban da ƙurar da za ta shiga kai tsaye, kafireta an saita ta ne da filta a jiki. In an cire, iska takan yi wa mai yawa, inji ya riƙa zafi fiye da kima, kuma injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba shi da rarar da zai jure wannan.

Duba filta

Buɗe akwatin ba ya bukatar makanike, yawanci maƙalai biyu ne ko huɗu. A fitar da ita a ɗaga ta saitin rana. In haske yana ratsa takardar, da sauranta, ko da ta yi launin ƙasa. Filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ma ta fi sabuwa fil tarewa, domin ƙurar farko tana rage faɗin ramukan. In haske ba ya wucewa, ko an ga yagewa, ko robar gefen ta taurare ta tsage, a canza. A shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filta: in ya fito da gari, ƙura tana samun hanya ta wani wuri, ko murfi bai zauna ba, ko filtar ba girman akwatin ba ce. Wannan ya fi toshewa haɗari.

Al'adar kai filta wurin mai faci ya hure ta da iskar kwamfaresa tana da kasada. Iskar tana da ƙarfin da za ta buɗe ƙananan ramuka a takarda waɗanda ido ba ya gani. Filtar ta fito fes, amma ta daina aikinta. Ɗan bubbuga ta a hankali ya wadatar kafin a samu sabuwa. Littafin kowace mota yana faɗin tazarar canji, kuma kusan kowanne yana ƙarawa da cewa mai bin hanya mai ƙura ya riƙa dubawa tun kafin lokacin. Mu duka wannan sharaɗin ya hau kanmu, musamman da hunturu.

Mai neman rage shan mai da gaske ya duba iskar tayoyinsa, ya sauke kayan da yake yawo da su a but ba dalili, ya gyara ma'aunin salansa in ya mutu, ya daina fizgar mota da taka burki a kan kari. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa kaɗai yana iya rage kilomitar da mota ke yi a lita da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoson gari.

Aiki

Allurar mai ba ma'auni ba ce, kuma "na zuba na dubu goma ya kai ni kwana uku" ba lissafi ba ne. Ga yadda ake yi. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita. A yi zirga-zirga kamar kullum. In an dawo, a sake cikawa a famfo ɗaya in zai yiwu, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar kilomita. A raba tafiyar da litar. Wanda ya yi kilomita 420 ya zuba lita 42, motarsa tana yin kilomita 10 a lita. Awo ɗaya ba ya isa, domin cunkoso da lodi da kunna na'urar sanyaya mota suna canza sakamako daga mako zuwa mako. Sai an yi sau uku ko huɗu a ɗauki matsakaici.

1. Malam Audu ya yi kilomita 390 da lita 39 kafin ya canza filta. Bayan ya canza, ya yi kilomita 357 da lita 35. Kilomita nawa yake samu a lita a kowane awo? Wannan bambanci ya isa a ce filtar ce ta jawo shi? Kawo dalilinka.

2. Filta biyu, ɗaya tana tare kashi 99.5 cikin ɗari na ƙura, ɗaya 98. In giram 200 ya iso kowacce, giram nawa zai shiga inji?

3. Ku rabu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya buɗe akwatin filtar mota ɗaya da babur ɗaya da janareto ɗaya, da izinin masu su. Ku rubuta irin filtar, ko haske yana ratsa ta, ko akwai gari a bututun bayanta, da kuma ko injin mai kafireta ne ko mai injekta. Ku zo da abin da kuka rubuta a zama na gaba.